Tsakanin Hausawa da Yarbawa, wa ya fi maiƙo a jini?

Ba ni na ƙirƙiro tambayar nan ba. A bakin mutane nake jin ta a ɗakin gwajin jinin da nake aiki a Agege ta Legas, yawanci lokacin da na ɗaure wa mutum dantse ina neman jijiya. Bahaushe zai ce ai Yarbawa ne ke da wannan matsalar, su da miyarsu ke iyo cikin manja. Bayarabe kuma in ya ga ni Bahaushiya ce, sai ya ce ku dai ne masu tsire da kitse da man shanu. Kowa ya ɗora wa maƙwabcinsa ya tafi hankali kwance. Ni kuwa da jinin kowa ke biyowa ta hannuna, hankalina bai kwanta ba, domin na ga waɗanda wannan tunanin ya hana su zuwa gwaji har sai da aka kwaso su ɓarin jiki a shanye.

A Agege aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano, kamar yadda ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu. Ni ba likita ba ce, ba na rubuta magani. Nawa shi ne in ɗebi jini, in auna, in rubuta abin da na gani tsakanina da Allah. Amma wanda ya daɗe a kan wannan aikin dole ya tara abin faɗa.

Idan na ɗebi jini na sa a kwalba na juya shi a na'ura, jajayen ƙwayoyi sai su kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama, ruwan ɗorawa-ɗorawa, garau har kana iya hango yatsanka ta bayan kwalbar. Wani lokacin kuma ya fito fari, kamar madarar da aka tsinka da ruwa. In na ga haka, tun kafin na'ura ta yi magana na san maiƙon da muke rubutawa TG ya hau sama sosai. Sai dai wanda ya fi ɓarna, wato LDL, ba ya taɓa launin ruwan ko kaɗan. Ruwa zai fito garau, mai shi yana tafiya da ƙafarsa yana cin kasuwarsa, alhali jijiyoyinsa na cushewa a hankali.

Maiƙo da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuma ruwa ne. Don haka jiki ke naɗe maiƙon cikin ƙananan ƙunshi masu ɓawon furotin kafin ya sake su a jini. LDL shi ke ɗaukar kolestarol, wani nau'in maiƙo, ya kai sassan jiki. HDL yana kwaso wani ɓangare ya mai da shi hanta, shi ya sa ake ce masa "mai kyau". TG kuwa maiƙon ajiya ne, kuma ba daga kitse kaɗai yake zuwa ba: suga, lemon kwalba, burodi, tulin farar shinkafa da teɓa duk suna tada shi.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, maiƙon shi kaɗai ba ya gama aikin. Idan LDL ya yi yawa, yana kutsawa cikin bangon jijiya ya maƙale ya lalace. Jiki sai ya ɗauke shi a matsayin baƙon da bai kamata ba, ya turo fararen ƙwayoyin jini su haɗiye shi. Su haɗiye har su mutu a wurin, wasu su biyo baya, wurin ya zama wani tudu mai ɗanyen ciki da siririn murfi. Wannan faɗan da jiki ke yi shi ne kumburin cikin jiki, wanda ido ba ya gani kuma mai shi ba ya jin zafinsa. Kumburin nan ke cinye murfin har wata rana ya fashe, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Muna auna kumburin da wani furotin da hanta ke fitarwa mai suna CRP, wanda William Tillett da Thomas Francis suka gano a Amurka a 1930. A gwajinsa mai zurfi, ƙasa da miligiram 1 a lita ana ɗaukarsa ƙaramin haɗari, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. A 2017 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna CANTOS a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. An ba su allurar da ke kwantar da kumburi kaɗai, ba ta rage LDL, amma sake faɗuwa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Daga nan gardamar ta ƙare a kan ko kumburi ɗan rakiya ne kawai.

To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, mu da muke kwana da sauro.

Wani dattijo mai sana'ar shanu a abbatuwar Oko-Oba ya taɓa zuwa min da takarda a ninke cikin aljihun gaban rigarsa, ta sha gumi har tawadar ta fara bajewa. Wani gwajin daban ya kawo shi, amma ya miƙo min ita da fara'a.

"'Yar nan, duba min wannan. Yara sun ce komai ya yi kyau, babu maiƙo ko kaɗan."

Na duba. Kolestarol ɗin a ƙasa yake ƙwarai, LDL a ƙasa, HDL ma ya kusa ɓacewa, TG kuma ya ɗan ɗaga. Na kalli mutumin, ga tumbi, ga wuya ya cika, ga shi ya gaya min yana shan maganin hawan jini.

"Baba, yaushe aka ɗebi wannan jinin?"

"Lokacin da aka kwantar da ni. Maleriya ce ta kayar da ni, har ruwa aka ƙara min. Na ce tunda na zo, a haɗa min duka gaba ɗaya."

"Baba, a gafarce ni, wannan takardar ta zazzaɓin ce, ba taka ba ce."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Mutum ya biya kuɗinsa, an ba shi labari mai daɗi, sai ga wata 'yar cikinsa ta ce a sake. Na zaunar da shi na yi masa bayani: idan maleriya ta kama mutum sosai, LDL da HDL suna faɗuwa, TG ya tashi. Hanta ta bar aikinta na yau da kullum ta koma yaƙi, ƙwayar cutar ma tana cin maiƙon jikin mai ita. Haka tarin fuka ke yi, haka duk wata babbar cuta mai kawo kumburi, haka kwanakin da ke bin bayan tiyata ko bugun zuciya. Masu sikila ma, da kumburi ba ya barin jikinsu, sau da yawa kolestarol ɗinsu a ƙasa yake, kuma ba alamar ƙoshin lafiya ba ce. Ya yi shiru, can ya ce wansa a banɗaki ya faɗi, bai sake magana ba har Allah Ya karɓi abinsa, kuma bai kai shekarunsa na yanzu ba. Da ya warware sosai ya dawo muka sake. LDL ɗinsa na gaskiya ya yi nisa da abin da ke kan tsohuwar takardar, likitansa ya ɗora shi a kan magani.

Wannan "a haɗa min duka" ita ce ta fi damuna a aikin nan, kuma ba na ganin laifin masu faɗarta. Wanda ke neman na yau da gobe a Mile 12 ko Alaba Rago ba zai rufe kasuwa ya shiga cunkoso don a gwada shi yana lafiya ƙalau ba. Sai ciwo ya kayar da shi yake ba da jini, ranar kuma ita ce mafi muni ga wannan gwajin. CRP ma haka: zazzaɓi na iya harba shi sama da 100, to me zai gaya maka game da zuciya a ranar? Ƙa'idar ita ce a jira kamar mako 3 bayan ƙaramar rashin lafiya, kamar wata 3 bayan babba, kuma duk CRP da ya haura 10 a nemi dalilinsa sannan a sake aunawa.

Yanzu maganar ƙabila. Bambanci akwai shi, ba zan ce babu ba. Amma a fara da sanin inda lambobin da ke gefen takardarka suka samo asali. Babban binciken da ya koya wa duniya alaƙar kolestarol da zuciya an fara shi a 1948 a garin Framingham na Amurka da mutum 5,209, kusan dukkansu Turawa. Sai a shekarar 2000 aka fara na garin Jackson a jihar Misisipi a kan baƙaƙen fata sama da 5,000, da kuma MESA mai mutum 6,814 da ya haɗa Turawa, baƙaƙen fata, 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin Sin. Hatta awon ƙugu da ake amfani da shi a kanmu, santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, na Turawa ne aka ara mana, ƙungiyar ciwon suga ta duniya ma da bakinta ta ce a yi amfani da shi kafin a samu namu.

Da aka fara duba sauran mutane sai abubuwa suka fito. Masu asalin Afirka, a jimlace, TG ɗinsu ya fi na Turawa ƙasa, HDL ɗinsu ya fi sama, ko da kuwa akwai ƙiba, ko da ciwon suga ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. A kunne labari ne mai daɗi, amma ni tsoro yake ba ni, domin yana nufin takardar mutuminmu na iya yin kyau alhali matsala ta riga ta fara. Wani bincike mai suna REGARDS da aka fitar a 2022 ya nuna ƙarancin HDL yana hasashen ciwon zuciya a Turawa amma bai yi hakan a baƙaƙen fata ba, kuma yawansa bai zama garkuwa ga kowa ba. Saboda haka in aka ce maka "mai kyan naka ya yi yawa", kar ka ɗauke shi lasisi. A ɓangaren kumburi kuma, CRP ya fi yawa a baƙaƙen fatar Amurka, musamman mata, ya fi ƙanƙanta a 'yan asalin Sin, kuma kaso mai yawa na wannan bambancin nauyin jiki yake bi. Indiyawa, irin maƙwabtanmu na Ilupeju, nasu akasin namu ne: HDL a ƙasa, TG a sama, ga bugun zuciya da ke zuwar musu shekaru da dama kafin sauran jama'a.

Akwai wani da nake so kowa ya riƙe sunansa, Lp(a). Wani likita ɗan Norwe, Kåre Berg, ya gano shi a 1963. Ɗan'uwan LDL ne mai ƙarin wata jela ta furotin, yana ɗauke da gurɓataccen maiƙon da ke hura kumburi a bangon jijiya. Kusan gaba ɗaya gado ne. Barin nama ba ya sauke shi, gudu ba ya sauke shi, magungunan sitatin da ke sauke LDL ma ba sa sauke shi. Kuma masu asalin Afirka ne suka fi kowa yawansa, a matsakaici ninki biyu zuwa uku na Turawa. Ba ya cikin gwajin maiƙo na yau da kullum, sai an nema takanas, kuma ƙananan ɗakunan gwaji irin namu tura jinin muke yi wani wurin. Tun 2019 likitocin zuciya na Turai suka ba da shawarar kowane baligi ya auna shi ko sau ɗaya a rayuwa, tunda ba ya cika canzawa. Daga miligiram 50 a desilita zuwa sama ana ɗaukarsa ya yi yawa. Wani zai ce to meye amfanin sanin abin da ba ka iya saukewa? Amfaninsa shi ne likita zai matsa wa sauran, LDL da hawan jini da suga, fiye da yadda zai yi wa wani, kuma 'yan'uwanka na jini za su san su ma su duba.

Gadon ba duka ne mai nauyi ba. A birnin Dalas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun gano cewa kimanin 2 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da wani canji a ƙwayar gado mai suna PCSK9 wanda ke sa LDL ɗinsu ya zauna a ƙasa tun daga haihuwa. A rahotonsu na 2006, ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 cikin 100. A kan wannan aka gina sababbin alluran rage kolestarol da suka fito a 2015. Jinin Afirka ne ya nuna hanyar, amma alluran sun fi ƙarfin aljihun kusan duk wanda ke shigowa ɗakinmu. Wannan yana ci min rai.

Sai dai a lura, duk binciken nan "baƙar fata" suka ce, sun zuba mu a buhu ɗaya, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Mu ma nan Agege, wa ake kira Bahaushe? Babarbare ne, Bazabarme ne, Bafulatani ne, Buzu ne, Banufe ne, da wanda kakarsa Bayarabiya ce. In ka saka hula ka yi Hausa, an gama. Akwatin "ƙabila" da ke kan katin asibiti yaren mutum yake gaya min, ba abin da ke cikin jijiyarsa ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne binciken da ya bi jini ɗaya zuwa wurare daban-daban. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa, ciki har da na Ibadan, sun kwatanta hawan jini a tsakanin masu asalin Afirka ta Yamma: kashi 16 cikin 100 a nan gida, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Binciken RODAM ya yi irin wannan da 'yan Gana, daga ƙauye zuwa birni zuwa Landan da Amstadam da Balin, ya ga ƙiba da ciwon suga sun fi yawa a birni da Turai nesa ba kusa ba. Ga kuma wanda na fi so. A 2001 Robert Glew da abokansa suka buga abin da suka gani a Fulani makiyaya na tudun Jos: abincinsu cike da nono da man shanu, amma maiƙon jininsu lafiya lau. Mutane ne marasa teɓa, ba su cika ciki ba, kuma yini suke a ƙafa bayan shanu. Ina yawan jin 'yan'uwanmu na kafa hujja da Fulanin daji cewa man shanu ba ya komai. To a ɗauki hujjar gaba ɗayanta, har da sandar da tafiyar.

Ni dai labarin da nake gani kullum shi ne na yaron da ya sauka daga motar tumatir a Mile 12 siriri, yana dakon kwanduna daga asuba. Allah Ya buɗa masa, ya zama dillali, ya samu benci da waya biyu. Safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai da Indomie, rana shinkafa da lemo mai sanyi, dare tsire da kitsensa. Tafiya ta koma daga mota zuwa masallaci. Awanni a cunkoso yana shaƙar hayaƙi, dare kuma janareta na ƙara a bakin taga. Tumbi ya fito, 'yan garinsu su ce Alhaji ya samu Legas. Wannan kitsen na ciki ba zama kawai yake ba, yana fitar da sinadaran da ke sa hanta ta ƙara CRP, yana kuma tada TG. Sigari na ƙarawa, hayaƙi na ƙarawa, har ciwon dasashi da aka bari ba a kula ba yana ƙarawa. Ƙwayoyin gadonsa ba su canza ba tsakanin Dawanau da Mile 12.

Game da manja kuwa, gaskiya ne kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa, kuma yawansa na tada LDL, haka man shanu da kitsen nama. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kaskon suyan bakin titi, man da ake soya ƙosai da doya da kifi a cikinsa yau, a ƙara sabo a kan tsoho gobe, har ya yi baƙi ya yi kauri. A gaban wannan kaskon Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri layi ɗaya suke bi. Hukumar NAFDAC ta kafa dokar taƙaita mugun maiƙon masana'anta zuwa giram 2 cikin 100 na mai, abin a yaba ne, amma dokar ba ta isa kaskon ba.

Muna da namu binciken ma, kuma ya kamata a san da shi. SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, ya duba masu shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya. A rahotonsu na 2018 hawan jini ne a kan gaba da tazara mai yawa, rikicewar maiƙon jini na biye, sannan akwai yawan cin nama, ƙaton ciki, ciwon suga da ƙarancin cin ganye. Wannan na ƙarshen ya ba ni takaici, domin mu ne masu zogale da rama da alayyahu da kuka, mu ne kuma muka mai da su abincin wanda bai samu ba.

Saboda haka in mutum ya zauna a gabana, ba ƙabilarsa nake tambaya ba. Ina tambayarsa yaushe rabonsa da zazzaɓi. Ina tambayar ko a gidansu akwai namijin da zuciya ta buga masa ko ya faɗi kafin shekara 55, ko mace kafin 65. Ina tambayar sigari, da hawan jini, da suga. Iyayenmu mata kuma ina roƙon a riƙa kawo su, domin bayan al'ada ta ɗauke LDL na tashi, kuma su ne ake bari a gida sai abu ya ɓaci. Hajiya za ta ce min, "'Yata, ni ba abin da ke damuna sai gwiwa," in auna in tarar da abin da ya fi gwiwar.

Wanda kuma likita ya ɗora a kan sitatin, don Allah kar ya ajiye don an sake gwaji an ga lamba ta sauka. Maganin ne ya sauke ta, yana rage CRP ma a lokaci guda, kuma in aka daina, cikin 'yan makonni take komawa inda ta fito. In kuɗin ne ya yi nauyi ko jiki na ciwo, a koma wa likita a gaya masa, akwai mai sauƙin kuɗi kuma ana iya canza wani. A zo da tsofaffin takardu duka, ko sun yage, a kuma faɗa mana wacce aka yi ana kwance.